Ranar da Motar Alhaji Ta Narke a Hoto

Na daɗe ina sana'ar ɗaukar hoto a Sabo, unguwar 'yan Arewa a ƙasar Yarbawa, kuma fuskoki da yawa sun ɓace mini. Amma akwai hoto ɗaya da ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi. Bari in faɗi abin bi da bi, don ni ba na son labari a hargitse.

Farkon abin, gilashin kyamarata ne ya faɗi ya tsage. Zamanin soja ne, kaya sun yi tsada, sabo ya fi ƙarfina. Wani Bayarabe mai gyaran kyamara a unguwar Mokola ya ciro mini wani tsohon gilashi ƙirar Rasha, mai nauyi kamar dutsen guga, komai nasa da hannu ake murɗawa. Ya ce, "Malam, araha ne, amma yana da halinsa o. Mutum zai fito fes, bayansa kuma ya juya." Na ɗauka zaƙin bakin ciniki ne, na karɓa na tafi.

Washegari maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin goro, ya aiko a kira ni. Ya sayi motarsa ta farko, gingimari, an zana mata dawisu a ƙofa. Ya shekara da shekaru bai je gida ba, saboda ya yi wa kansa alkawarin ba zai koma ba sai da abin nunawa. Ƙauyensu kuwa mota ba ta shiga da damina. Don haka yake son hoto, shi da motar, ƙanensa ya kai wa tsohuwarsu.

Da safe ne, hadari ya rufe rana, sai na buɗe idon gilashin gaba ɗaya don haske ya shiga. Na ce Alhaji ya jingina da mota, ya ƙi. Ya ce, "Haba Malam, in na tsaya can ai kamar ƙuda zan fito. Bari in matso, a ga hular nan." Ya tako har kusa da ni, motar na can nesa a bayansa. Na murɗa zoben gilashin a hankali har gemunsa ya fito tar, na danna. Bayan Azahar motar ta ɗauki huhunan goro ta kama hanyar Arewa.

Da na je karɓar hoton daga wurin wanki, sai da na nemi benci na zauna. Ga Alhaji nan kamar zai yi magana, har zaren hularsa ana iya gani. Amma mota babu. Ita da dawisun da itatuwan bakin titi duk sun narke, sun yi da'ira a bayansa kamar ana dama kunu.

Na kai masa a ƙofar gida, 'yan goro na zaune. Ya duba gaba, ya juya bayan takardar, ya dube ni.

"Malam, ina motar?"

"Ga ta nan, Alhaji. Wannan koren."

"Wannan? Wannan ai miyar kuka ce!"

Wani dattijo ya karɓa ya ce, "Kai, Alhaji, ashe a cikin guguwa ka tsaya? Allah Ya kiyaye na gaba." Wuri ya kaure da dariya, ban da ni da Alhaji. Babu halin sake ɗauka, mota ta yi nisa, ƙanen kuma da asuba zai hau motar haya a tashar Ojoo. Haka aka naɗe hoton aka ba shi. Daga ranar Alhaji ya daina amsa gaisuwata sai da kai, kuma a unguwa irin tamu, in babban mutum ya juya maka baya, cinikinka ya mutu.

Da ƙanen ya dawo, a gabana ya isar da saƙo, muna fitowa daga masallaci. Ya ce, "Yaya, Inna ba ta ko tambayi mota ba. Kawo hoton ta yi dab da idonta, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, yaushe furfura ta fito masa a gemu ba a gaya mini ba? Ka ce masa ya zo in gan shi kafin ya riga ni tsufa."

Alhaji ya shafa gemu, sannan ya fashe da dariya har da hawaye. Ya kama hannuna ya ce, "Kai da gilashin nan naka, kun tona mini asiri." A makon nan ya tafi gida, a motar haya, ba dawisu ba komai. Da ya dawo, shi da kansa ya riƙa turo mini mutane, wai a yi musu hoton guguwa.

Abu biyu na koya, kuma har na bar sana'ar ban saki ko ɗaya ba. Na farko, ba a gwada sabon kayan aiki a kan hoton da ba zai maimaitu ba. Na biyu, kafin in danna sai na tambayi wa za a kai wa hoton. Mai hoto kayansa yake so a gani, amma wanda ke jira a gida fuskarsa kawai yake nema.