Yatsun Baba Magini

Shekara goma sha tara ke nan Baba Magini yana zaune a ƙasar da ba a nan aka binne cibiyarsa ba. Ya zo yana saurayi da cokalin gini ɗaya, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku, duk a kan takardar zama ta shekara ɗaya. Kowace shekara sai ya bi layin ofishin baƙi da jakar leda cike da hotuna, wasiƙar ɗan kwangilar da yake yi wa aiki, takardar likita da ta mai gidan haya. Matarsa kan ce jakar nan ta fi ta sanin sirrinsa.

Bana aka ce ya isa neman zaman dindindin. Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi ta duba takardun, ta gyaɗa kai.

"Saura hoton yatsu, Baba. Ɗora nan."

Ya ɗora babban yatsa a kan na'urar, fitila ta yi ja. Ya goge a riga ya sake. Cikin yatsu goma ko ɗaya bai fito ba, siminti ya cinye zanen tas.

"Ka huta da aiki mako uku kana shafa mai, zanen zai dawo," in ji ta.

"'Yata, in na huta, ɗan kwangila zai ɗauki wani. Wasiƙar aikin fa?"

"Ita ma dole ce, Baba."

Ya huta ɗin. Babbar 'yarsa tana shafa masa mai safe da yamma, tana tsokanarsa wai hannun ya koma na akawu. Yana zaune a bakin ƙofa yana amsa gaisuwar masu wucewa aiki, har ya gaji da amsawa.

Da ya koma, yatsu bakwai suka fito, aka ce sun isa. Amma ɗan kwangila ya riga ya ɗauki wani, takardar likita kuma wa'adinta ya ƙare. Ma'aikaciyar ta buga masa hatimin zaman wata shida kacal, ba ta ɗago ta dube shi ba. Ya daɗe a kan benci kafin ya miƙe.

Bayan kwana tara ya samu aiki a wani gini. 'Yar ta saya masa safar hannu ta roba. Ya sa har azahar, sannan ya cire ya cusa a aljihu, don da ita ba ya jin ko bulo ya zauna daidai.