Takalman Kawu

Kawuna, manomin shinkafa a Gulma, bai taɓa yarda da takalmi ba. Cewa yake yi tafin ƙafarsa ya fi duk fatar dukawa ƙwari. Da wani baƙin tabo ya fito masa a diddige, matarsa ta ce lakar fadama ce ta kama. Wata uku tana dirje wurin da dutsen goge kaushi, tana yi masa faɗan ƙazanta, shi kuwa yana cin goronsa.

Da tabon ya fara jini, na saya masa takalma don kada ya ba ni kunya a asibitin Birnin Kebbi. A hammata ya saƙale su har gaban likita.

Na ce, "Kawu, sa su mana."

Ya harare ni. "Sabbi fil, in ɓata su da ƙasa?"

Likita ya ce ciwon dajin fata ne, kuma ya yi nisa. Kawu ya dubi matarsa da murmushin wanda ya ci shari'a. "Kin ji ko? Ba dauɗa ba ce."

Bai ga girbin shekarar ba. Takalman suna ɗakinta har yau, sabbi. Dutsen kuwa, a gulbi ta jefa shi.