Hagun Wa?

Palanisami ya tsufa yana sassaƙa giwaye a garin Mamallapuram, irin masu tsayuwa a ƙofar haikali suna ɗauke da nauyin gini a gadon baya. Giwayensa duk hancinsu a miƙe yake zuwa ƙasa. Aikin sassaƙa abin bauta kuwa ba a taɓa ba shi ba, wai hannunsa na ƙofa ne, kuma maganar ta daɗe tana ci masa rai.

Sai da furfura ta gama cinye kansa mutanen wani ƙauye suka zo neman ya sassaƙa musu abin bautarsu Pillayar, mai kan giwa, mai kawar da cikas, za su girke shi a gindin bishiyar bakin tafki.

"Hancin ya karkata hagu fa, Baba," in ji dagacinsu. "Mu manoma ne. Mai hancin dama ba ya yafe fashin kwana ɗaya, kullum sai an yi masa wanka da girki."

Ya duƙufa a kan baƙin dutsen, ko shinkafa sai an bi shi da ita. Da ya gama ya kira matarsa Sellamma ta yaba. Ta daɗe tana kallo.

"Maigida, hagun wa suka ce? Naka ko nasa?"

Nan ya gane hancin ya karkata daman Pillayar ne. Ya manta wanda ke fuskantarka hagunka damansa ce, kuma dutse ba ya gyaruwa.

Ranar ɗauka dagaci ya zo da amalanke, ya dubi hancin ya ɓata fuska. "Baba, ai ka sassaƙa mana wanda ba ya jure yunwa. Wa zai iya da shi lokacin girbi?"

Palanisami ya sunkuyar da kai, yana jiran a ce ya koma wa giwayen ƙofa. Sai wata tsohuwa da ta biyo amalanken, Ponni, ta ture dagacin da sandarta.

"Kai, matsa can, kai da ko akuya ba ka iya kiwo ba. Tun da mai gidana ya rasu nake auna shinkafar mutum biyu da safe, in zubar da rabi. Ku ɗora mini shi."

Palanisami ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna a kan buraguzan dutse. Tsohuwar kuwa ta riga ta kama goge ƙurar hancin da bakin zanenta, tana tambayar Pillayar ko yana son yaji.