Goran Iya Kande da Ƙanzon Lami

Ni mace ce da ba ta son tambaya. Tun ina ƙarama haka nake, na fi son in ɓata hanya in yi ta bulayi a kan in tsayar da mutum in ce masa don Allah ina ne. Wannan hali ya kusa raba ni da wata ƙawata 'yar ƙasar Sin, wadda muka shekara uku muna cin abinci a tabarma ɗaya a Maigatari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an ja mini kunne a kansa tun ban kai shekara goma ba, a bakin wuta, a gidanmu na Ɗanzomo.

Iya Kande ce ta haifi babanmu. Idan an gama kai amfanin gona gida sanyi ya fara shigowa, da an yi magariba an ci tuwo sai ta sa a hura mata wuta a ƙofar ɗakinta da karan gero da ɗan kututture. Mu jikoki mu kewaye, kowa ya ja zane ya rufe gwiwa. Ba ta ba da tatsuniya a banza. Takan ajiye ƙwarya cike da gyaɗar iri a tsakiya, mu yi ta ɓara, kuma duk lokacin da ta ji ƙarar ɓawo ta tsaya, ita ma sai ta yi shiru ta kama kallon sama har sai hannuwa sun koma aiki. Haƙoranta sun zube, don haka goro ma gogawa take yi a murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, ta riƙa zubawa a baki kaɗan-kaɗan. Har yau idan na ji ƙamshin hayaƙin kara, ƙarar gwangwanin nan nake fara ji.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai tabarma." Daga nan ta fara, kuma dole ta gama kafin a kira lisha, domin ba ta wasa da salla.

Wadda ta zauna mini a kai ita ce ta wasu fatake biyu, wa da ƙane, masu safarar kanwa a kan jakuna. Wata rana suka tarar da wata tsohuwa a bakin rijiya, gugarta ta faɗa ciki, suka ciro mata. Sai ta fito da wani gora ta ce ladansu ke nan, amma guda ɗaya ne, su sasanta. Duk wanda ya kara kunne a bakin goran, zai raɗa masa sunan kowane abu da kowane yare na duniya. Wan ya yi wuf ya karɓe, ya ce ai shi ne babba. Ƙanen ya tashi da godiyar tsohuwa kawai.

Suka raba hanya. Wan idan ya shiga gari, sai ya kara kunne, ya yi magana tiryan-tiryan kamar a nan aka yanke masa cibi, ya sayar da kanwarsa, kafin rana ta take ya bar garin. Ƙanen kuwa sai wahala. Ya nuna ruwa ya tambayi sunansa, ya nuna gishiri ya tambaya, ya faɗa a karkace a yi ta dariya, yara su bi shi suna gyara masa. Wata tsohuwa har fura take dama masa don kawai ya sake faɗin abin da ya faɗa jiya ta yi dariya. Cinikin yini ɗaya sai ya ci masa kwana huɗu.

A nan Iya takan sauke murya. Ta ce wata shekara ciwo ya kama wan a wani gari mai nisa. Ya ja jiki zuwa ƙofar wani gida, ya nemi ruwa da yarensu, kalma a daidai, ba tuntuɓe. Masu gida suka leƙo suka ga fuskar da ba su sani ba tana magana da bakinsu, suka ce wannan ko dai aljani ko ɗan leƙen asiri, suka ja ƙyaure. Haka gida na biyu, haka na uku. Yana kwance a gindin bishiya sai ga ƙanen ya shigo da jakunansa, gari ya ɗauka cewa mutuminsu ya dawo. Wannan ya ce shi ya koya masa sunan gishiri, waccan ta ce ita ta koya masa gaisuwar safe, har ana jayayya a kan gidan da zai sauka. Albarkacinsa aka ɗauki wan aka yi jinyarsa.

"Baƙuwa ta ɗauki takalminta," in ji Iya, alamar an gama ke nan.

Ni ban yarda ba. Na ce, "Iya, ni dai goran zan ɗauka. Ai ba kullum ake ciwo ba."

Ta dube ni ta gefen ido, tana karkaɗe gwangwaninta. "Ke dai Saude, ba sai kin faɗa ba, a goshinki yake. Ba goran ne ya yi laifi ba. Wanda ya koya miki kalma, wani abu nasa ya ajiye a wurinki, kuma zai so ya riƙa zuwa yana dubawa. Ɓare gyaɗarki."

Na ɓare, amma a raina na ce tsofaffi dai ba su san darajar sauri ba.

Shekaru suka wuce, Iya ta rasu, na gama sakandare a Gumel, aure ya kai ni Maigatari. Na sami aiki a wani sito inda ake tsince zoɓo kafin a ɗura a buhu a fita da shi waje, har na zama mai kula da mata masu tsinta. Kowace kaka masu saye sukan turo wata dattijuwa daga ƙasar Sin ta duba kaya. Sunanta ya gagari bakinmu, kuma da yake ranar Alhamis ta fara zuwa, ana tsakiyar cin kasuwa, sai muka raɗa mata Lami. Ta karɓa, har tana waigowa idan an kira.

Ba ta jin Hausa, Turancinta kuma bai fi cikin cokali ba. Wata rana bayan azahar muna cin abinci a rumfa ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ɗaga faifai, ta ce, "Hausa?" Na faɗa mata. Ta maimaita, muka kwashe da dariya, ita ma ta taya mu. Sannan ta nuna faifan ta faɗi nata sunan, ta kafe ni da ido sai na maimaita. Ni da ba na son a ga kasawata, na faɗa a karkace, ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar abin ya zama ƙa'ida, kullum kalma ɗaya daga gare ni, ɗaya daga gare ta. Da wannan 'yar guntuwar magana na san mijinta ya rasu, tana da 'ya ɗaya, kuma ƙauye ta tashi kamar ni. Ita ma ta san ɓarin cikin da na yi, ta zo har gida ta zauna a bakin gadona. Ina sonta ƙwarai, ban kuma taɓa faɗa mata ba.

A damina ta huɗu, Lami tana can ƙasarsu, ƙanwata ta zo hutu ta ce ai yanzu ƙamus na Sinanci ya shigo waya, ta saka mini manhajar. Sai ka rubuta kalma da Turanci ta fito da ta Sinanci, ta kuma furta maka da murya. Ko rubutun jikin kwali ka haska mata, za ta karanta. Na ji kamar an buɗe mini rumbu. Ina tuƙa tuwo ina saurare, ina wanki ina maimaitawa, har maigidan ya ce yana tsoron wata rana ya yi sallama a amsa masa da abin da bai sani ba. Kafin a yanke gero na tara abin da ya ninka na shekara uku sau ban san adadi ba.

Da Lami ta dawo na tare ta da doguwar gaisuwa da yarensu. Ta tafa hannu, ta rungume ni, ni kuwa kaina ya yi girma. A rumfa ta ɗaga tsintsiya za ta ba ni kalmar ranar, kafin ta buɗe baki na riga ta. Washegari ma haka. Ta yi murmushi ta ajiye. Ban lura cewa murmushin yana raguwa ba, domin hankalina yana kan yadda matan suke kallona.

Ranar da na ɓata abin, wata daga cikinmu ce ta zo da ƙanzon shinkafa a leda. Lami na gani idonta ya yi haske. Ta ɓalli kaɗan ta ci, ta faɗi wata kalma a hankali, ta nuna da hannu yadda mahaifiyarta take kankare mata shi daga gindin tukunya tana yarinya. Maimakon in maimaita, sai na zaro waya. Na faɗa wa wayar kalmar, ta nuna ba ta san ta ba. Na bi ta hanyar Turanci na lalubo, ta ba ni wata daban. Sai na ce, "A'a Lami, ba haka ake faɗa ba, saurara," na ƙure murya wayar ta furta a gaban kowa. Wata ta ce, "To fa, waya ta fi Lami jin yarensu." Aka yi dariya, har da ni.

Lami ta ce da Hausarta, "Mama, haka." Wato haka mahaifiyarta take faɗa. Ta goge hannu ta tashi.

Daga ranar ta koma cin abinci a ofis. Muna gaisawa, muna duba buhu tare, aiki ma ya fi sauri tunda ina gane abin da take so. Amma ba ta ƙara ɗaga komai ta tambaye ni ba. Ni kuma da taurin kaina na ce kishi take yi don na daina buƙatarta. Na yi wata guda a kan wannan ƙaryar. Sai wani yammaci ina ɓarar gyaɗar miya, ni kaɗai a tsakar gida, maganar Iya ta faɗo mini, kunya ta rufe ni har na kasa ci gaba. Matar nan ta baro ƙasarta ta zo inda ba mai jin bakinta, abu ɗaya take da shi da za ta ba ni, ta ɗauko mafi tsada a ciki, wanda ta gada daga uwarta, ni kuma na ce jabu ne.

Saura kwana uku ta tafi. Na ɗora shinkafa na bar ta ta kama da gangan, maigidan yana ta tambaya ko hancina ya toshe ne. Da safe na bar wayar a gida, na ƙunshe ƙanzon na kai mata ofis. Na ajiye a gabanta na ce, "Lami, me sunansa?"

Ta dubi ƙanzon, ta dube ni. Ta ce, "Waya ta sani."

Maganar ta soke ni, kuma na cancanta. Na ce, "Waya ba ta san Mama ba. Na Mama nake so."

Ta sake duban ƙanzon. Sannan ta faɗa sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Na maimaita a karkace, ba da gangan ba, don da gaske kalmar tana da wuya. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma gyara mini ba. Ta ce na gode, ta ja takardunta. Haka ta tafi, ban san ko ta huce ba.

Kakar da ta biyo baya wani saurayi aka turo a madadinta, aka ce ta ajiye aiki. Yana da kirki. Yakan yi magana a wayarsa ta juya mini, ni ma in yi a tawa, mu gama cikin minti biyar kowa ya kama gabansa. Ban goge ƙamus ɗin ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ba ya amfani ba, ko jiya ya fitar da ni kunya a kan wata takarda. Sai yanzu na gane abin da Iya take nufi da ta ce goran bai yi laifi ba. Ni ina ganin tambaya faɗuwa ce, ashe wani lokaci ita ce kaɗai hanyar da za ka ce wa mutum kana buƙatarsa. Na yi wa Lami saƙon gaisuwa sau biyu, ta amsa a taƙaice, na haƙura na ce na yi asara.

Watan jiya ina tsaye a bakin sikeli saƙo ya shigo. Hoton jariri ne a naɗe cikin jan bargo, a hannun da na gane tun kafin in duba suna. A ƙasansa akwai murya, na kara a kunne, na ji ta ce, "Saude. Hausa?"

Na san ta sani. Ni na koya mata tun shekarar farko, ranar da wata cikin matan ta zo da ɗan 'yarta a goye. Na koma bayan buhuna inda ba mai ganin fuskata, na danna na ce mata jika, a hankali, sau biyu, kamar ban taɓa faɗa mata ba. Sannan na tambaye ta yadda ake cewa a ƙauyensu, na tsaya ina jira.