Kaset ɗin Baba a gonar Kawu

Shekarun da Baba ya yi yana aikin gini a Libiya bai taɓa aiko wasiƙa ba, don bai iya rubutu ba, Inna kuma ba ta karatu. Kaset yake cikawa da magana ya ba direban da zai zo Damagaram. Bayan rasuwarsa idon Inna ya tafi, sai ya zama ba ta da abin yi da la'asar sai sauraron muryarsa yana tambayar awaki da yoyon ɗaki.

Da rediyonta ta fara cin zaren kaset, na ce wannan wasa ya isa. Gyaran kwamfuta ne sana'ata a Zango, don haka na samo wata tsohuwa, na busa mata ƙura, na sa sabuwar fanka da faifan ajiya biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana shiga ɗayan. Na kwashe muryar Baba kaf na zuba ciki. Aka ajiye ta tare da kwalin kaset ɗin a shagon Yaya, babban wanmu, don layinsu ya fi samun wuta, daga nan yake tura wa Inna a waya.

Na ce masa, "Yaya, faifai biyu a ciki ɗaya suke, wuta ɗaya suke sha. In ɗaya ya mutu don tsufa, ɗayan zai riƙe. In tsawa ce, tare za su tafi. Kada a cire batirin nan da ke tsakaninta da bango, sannan a yi wani kwafi a kai gida."

Ya ce, "Kai dai ka cika wa'azi."

Can ƙarshen damina aka yi hadari da rana tsaka, wuta ta ɗauke ta dawo da hauka. Da na zo, batirin na kan firjin lemo, kwamfuta tsirara a bango, shagon sai warin ƙonannar roba. Na buɗe na gwada faifan ɗaya bayan ɗaya, ko motsi. Kwafin gida kuwa ba a taɓa yinsa ba, wayar Inna ma gogewa Yaya yake in ta cika. Raina ya ɓaci, amma na daure na ce, "To, Allah ya kyauta, ba ni kwalin kaset ɗin in sake."

Yaya ya hau gyara kwalaben da ba su karkace ba. Da ƙyar ya ce Kawu ya zo daga Gaffati yana kukan tsuntsaye sun addabi geronsa, shi kuma ya ga ai an riga an kwafe, sai ya ba shi kwalin.

Na hau kabu-kabu ko hula ban ɗauka ba. Tun daga hanya na hango gonar tana walƙiya. An zare zaren duka, an ɗaɗɗaure shi daga kara zuwa kara, rana ta gasa shi ya nannaɗe. Kawu, bawan Allah, har murna yake nuna mini yadda gero ya tsira. Na juya na kama hanyar gida.

Da na shiga gida Inna na kan tabarma, waya a cinyarta. Ta ji takuna ta ɗago.

"Auta, kai ne? Sa mini wanda yake tari a farko, yau shi nake so."