Gudumar Baffa Usman a cikin kiɗan Amna

Muna shan shayi jiya a gidanmu na Omdurman, sai ƙanwata Amna ta kunna kiɗan da ta haɗa a kwamfuta. Irin mai gurnanin gita da ƙarar injuna ne, wanda ake ɗauko tsohon sauti a sake gina shi. Na toshe kunne, ina jiran Baba ya yi faɗa.

Sai na ga ya ajiye kofi.

"Amna, mayar da shi baya. Wannan gudumar Usman ce."

"Baba, yaya aka yi ka gane? Na gauraya ta da sautuka da yawa."

"Shekara talatin muna aiki tare a gareji ɗaya a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Sau biyu yake bugu, ya numfasa, sannan ya ƙara ɗaya."

Baffa Usman ƙanin Baba ne, bara ya rasu, garejin ma ya ƙone. Ashe Amna ta ɗauki sautin aikinsa a waya tun kafin yaƙin Sudan, ba ta gaya wa kowa ba.

Baba bai bari an kashe ba sai da aka kira magariba.

Ku fa, wa za ku iya ganewa da ƙarar aikinsa kawai?