Shafin da Ban Rubuta wa Malam Bukar Ba

Ina buɗe shago a Dala ranar Talata, Falmata ta kira ni. "Ya Modu, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinta, Malam Bukar na Limanti, wanda ya koyar da mu adabi a sakandare, ya koma ga Mahaliccinsa.

Malam ne ya sa na fara rubuta abin da ya faru da ni kullum. Yakan ce, "Modu, kanka rariya ne. Zuba a takarda."

Bara ya ce in raka shi Jos, mu ga barikin 'yan kuza inda wani shahararren marubuci ya tashi, wanda Malam ya daɗe yana karantar da littattafansa. Mai yi mana jagora ya nuna wani ɗaki da allo a ƙofarsa, ya ce nan ne. Malam ya girgiza kai.

"Ba nan ba ne, ɗana."

Mai jagoran ya ce, "Haba Baba, allon ma ƙarya yake yi?"

Malam ya nufi tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa, ya tsaya a gaɓa, ƙasa na zaftarewa ƙarƙashin sandarsa. Na riƙe masa riga.

"Layin gidajen su marubucin yana cikin ruwan nan, namu na kusa da shi. Mahaifina lebura ne, kwanon ƙasa yake ɗauka, nan ya rasu." Ya miƙa sanda wajen wani tudu. "Ga kabarinsa. Rubuta."

Bai taɓa gaya mini haka ba. Na ɗauka tsufa ne ya cakuɗa masa littafi da rayuwarsa. Na gaskata allo. Na rubuta lokacin tashin mota, da abin da muka ci. Wannan ban rubuta ba.

Ranar sadakar uku Falmata ta same ni a zaure. "Baba ya ce wurin kabarin Kaka yana littafinka. Muna so mu ziyarta."

Na buɗe mata shafin. Ta karanta har ƙasa, ta juya bayansa, ta ɗago ta dube ni. Na faɗa mata gaskiya. Duwatsu biyu nake tunawa, da shingen kyarana, ban ma tabbata dama da ramin ne ko hagu ba. Bayan arba'in za mu tafi in nema.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa. Ya haskaka kabarin mahaifinsa da Shi kaɗai Ya san inda yake yanzu, ni kuma Ya tuna mini.